Raya Jagorancin Mata a Fagen Kimiyya Domin Tunkarar Sauyin Yanayi

1.0 Gabatarwa

Kalmar "yanayi" a Hausa tana ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda masana kimiyya suke rarrabewa. Akwai yanayi na yini ɗaya ko na mako ɗaya, kamar a ce yau an tashi da hazo ko gari ya yi lumshi. Akwai kuma yanayi na dogon zango, wato tsarin da damina da kaka da hunturu da bazara suke bi a wani yanki, wanda akan auna shi a kan shekara 30 ko fiye. Wannan na biyun ake nufi idan an ce "sauyin yanayi". Babban abin da ya haddasa shi shi ne ƙona kwal da man fetur da iskar gas, haɗe da sare dazuzzuka. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon da ke sararin samaniya ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba, yanzu kuwa ta haura kashi 420. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa zafin shekarar 2024 ya ɗara na zamanin da ya gabaci masana'antu da kimanin digiri ɗaya da rabi.

Wannan babi bai tsaya kan tabbatar da aukuwar sauyin yanayi ba. Abin da ya sa a gaba shi ne tambayar wa ke riƙe da akalar binciken da ake yi domin tunkarar matsalar, da yadda ake raya mata masana har su kai ga riƙe ta. Yana da kyau tun farko a lura da kalmomi biyu da Hausa take amfani da su. Shugaba shi ne wanda ya shige gaba, saura na biye. Jagora kuwa asalinsa mai jan gora ne, wato wanda ya kama sanda ta wannan kai, wani kuma yana riƙe da ɗaya kan. Kalmomin biyu duk ba su bambanta jinsi ba sai a wajen ɗafi, shi ya sa ake cewa shugaban makaranta ko shugabar makaranta. A fagen kimiyya, jagoranci ya wuce samun muƙami. Jagora ne yake zaɓar tambayar da za a bincika, shi yake raba kuɗin bincike, shi yake ɗaukar ma'aikata, kuma shi ake kira gaban hukuma idan za a tsara manufa.

2.0 Waiwaye

A shekarar 1856 wata Ba'amurkiya mai suna Eunice Newton Foote ta yi wani gwaji mai sauƙi. Ta sami dogayen kwalabe biyu na gilashi, ta sa ma'aunin zafi a cikin kowace, ta riƙa cika su da iska iri-iri tana ajiyewa a rana. Ta gano cewa iska mai laima ta fi busasshiya ɗaukar zafi, sannan kwalbar da ke ɗauke da iskar kabon ta fi kowace zafi, kuma ta fi daɗewa kafin ta huce. Daga nan ta yanke cewa idan wannan iska ta yawaita a sararin samaniya, duniya za ta yi zafi. A watan Agusta na shekarar aka gabatar da takardarta a taron ƙungiyar ciyar da kimiyya gaba ta Amurka a birnin Albani, amma wani masani namiji, Joseph Henry, shi ya karanta ta a madadinta, kuma ba a saka ta cikin kundin taron ba. Wata mujallar kimiyya ta buga ta, sannan aka manta da ita.

Shekara uku bayan haka, a 1859, John Tyndall ya yi nasa gwaje-gwajen a Ingila da kayan aiki da suka fi nata inganci nesa ba kusa ba. Adalci ne a faɗa cewa aikinsa ya fi nata zurfi, domin ya iya auna zafin da ƙasa take mayarwa sama, abin da kwalaben Foote ba za su iya tantancewa ba. Sai dai tambayar ita ce, me ya ba shi ɗakin gwaji da muƙami da abokan shawara, ita kuwa ba ta samu ba? Sunanta bai sake fitowa fili sosai ba sai a 2011, lokacin da wani masanin duwatsu, Raymond Sorenson, ya tono labarin aikinta.

An samu ci gaba tun daga wancan lokaci, amma tafiyar ta hawainiya ce. A 1988 aka kafa kwamitin masana na duniya kan sauyin yanayi, wanda aka fi sani da IPCC. Rahotanninsa su ne madogarar gwamnatoci a duk tattaunawar da ake yi kan wannan batu. A rahotonsa na farko na 1990, mata ba su wuce kashi 8 cikin 100 na marubutan ba. A zagaye na shida, wanda aka kammala a 2023, sun kai kimanin kashi ɗaya bisa uku. Amma tun kafuwar kwamitin mace ba ta taɓa shugabantarsa ba. A zaɓen 2023 mata biyu sun tsaya takara, Debra Roberts ta Afirka ta Kudu da Thelma Krug ta Barazil, Jim Skea na Birtaniya ya yi nasara. Ita kuwa Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, wadda aka kafa a 1950, sai a watan Janairu na 2024 ta sami mace ta farko a kujerar babbar sakatariya, wato Celeste Saulo ta ƙasar Ajantina.

3.0 Me Ake Rasawa Idan Babu Mata a Gaba?

Wasu sukan ce kimiyya ba ta da jinsi, ma'aunin zafi ba ya tambayar wanda ya riƙe shi. Wannan gaskiya ne game da amsa. Tambaya kuwa mutum ne yake zaɓarta, kuma mutum yakan tambayi abin da idonsa ya saba gani.

Alal misali, a ɗauki binciken iri. Cibiyoyi irin su ta binciken aikin gona da ke Samaru, Zariya, da ta Sadore kusa da Yamai suna ƙoƙarin samar da gero da dawa da wake da gyaɗa masu nuna da wuri, domin damina ta zama ba ta da tabbas. Mai noma yakan auna iri da yawan damin da ya samu. Wadda za ta yi sussuka da surfe da daka da girki tana da nata ma'auni: shin tsabar tana fita daga zangarniya cikin sauƙi? Garin yana kama tuwo? Waken yana nuna da wuri ko sai ya cinye itacen kwana biyu? Irin da ya ci jarrabawa a gona yana iya faɗuwa a madafa, kuma idan ya faɗi a can, baɗi ba mai shuka shi. Haka nan kuɓewa da yakuwa da rama da zogale da riɗi, waɗanda mata da yawa suke samun kuɗin kashewa da su, ba su samun kason kuɗin bincike irin na manyan hatsi.

Akwai kuma batun samun bayanai. A garuruwa da ƙauyuka da dama na ƙasar Hausa, baƙo namiji iyakarsa zaure. Idan ayarin masu bincike duk maza ne, to abin da za su rubuta shi ne abin da maigida ya faɗa. Shi kuwa ba lallai ne ya san awa nawa ake ɓatawa a bakin rijiya a watan bazara ba, ko nisan da yara mata suke yi wajen neman kirare, ko yawan hayaƙin da mai girki take shaƙa. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya nuna cewa a gidajen da ba su da ruwa a cikin gida, mata da 'yan mata ne suke ɗebo shi a gida 7 cikin 10. Duk lissafin illar fari da bai shiga cikin gida ba, rabin lissafi ne.

Aikin Hindou Oumarou Ibrahim ta ƙasar Chadi ya fito da wannan batu fili. Bafulatana ce daga Mbororo, masaniyar labarin ƙasa, wadda ta kafa ƙungiyar mata da 'yan asalin ƙasa ta Chadi a 1999. A 2012, a yankin Baibokum na kudancin ƙasar, ta jagoranci aikin gina taswira mai tudu da kwari, inda makiyaya da manoma suka taru suna nuna wuraren da suka sani. Maza sun zana duwatsu da koguna da burtali. Da aka ba mata dama, sai suka ƙara maɓuɓɓugan ruwa da wuraren tsirran magani da na abinci. Taswirar ta zama abin da ake zama a kai wajen sasanta rikicin ruwa da kiyo. A watan Afrilu na 2016, ita aka zaɓa ta yi jawabi a madadin ƙungiyoyin farar hula a bikin sa hannu kan Yarjejeniyar Faris a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sai dai a yi hattara da wuce gona da iri. Kasancewar masaniya mace ba ya nufin ta san halin da matar karkara take ciki. Wadda ta tashi a birni, ta yi karatu a waje, tana iya zama baƙuwa a ƙauye kamar kowane namiji. Abin da take da shi shi ne ikon wuce zaure, sauran kuma sai horo da sauraro.

4.0 Inda Mata Suke Zubewa

Ƙididdigar UNESCO ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya bisa uku na masu bincike a duniya mata ne. Amma idan aka bi matakan aiki daga ƙaramar malama zuwa farfesa, zuwa shugabar sashe, zuwa daraktar cibiya, sai a ga adadin yana raguwa a kowane mataki, kamar ruwa a tulu mai tsaga. Dalili na farko shi ne shekarun da ake gina suna a kimiyya, wato na digiri na uku da wallafe-wallafen farko, su ne kuma shekarun aure da haihuwa da raino. Na biyu shi ne son rai wanda mai shi ma bai san yana da shi ba. A 2012 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aiki iri ɗaya, wasu da sunan namiji, wasu da sunan mace. Malaman, maza da mata, sun fi ganin cancantar mai sunan namiji, suka yanka masa albashin kimanin dala 30,000 a shekara, mai sunan mace kuwa kimanin dala 26,500. Na uku shi ne rashin wanda zai kama hannu, ya nuna mujallar da ake aika takarda, ya ambaci sunan mutum a wurin da ake rabon aiki.

Tarihin Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, Kano, ya nuna cewa wadda ta tsaya a hanya tana iya ci gaba. Ta yi aure bayan sakandare, ta haihu, sannan ta koma karatu har ta kai ga digiri na uku a kimiyyar fiziks, ta ƙware a nazarin sararin samaniya. A 2015 ta kasance cikin mata biyar daga ƙasashe masu tasowa da suka karɓi lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier, uku daga cikinsu 'yan Nijeriya ne. An miƙa lambar ce a taron shekara-shekara na ƙungiyar nan ta Amurka wadda a gabanta aka karanta takardar Foote shekara 159 da suka gabata.

5.0 Yadda Ake Raya Jagora: Misalin AWARD

Lambar yabo takan zo bayan an yi aiki. Abin da ya fi wuya shi ne tsarin da zai kai mutane da yawa ga yin aikin. Daga cikin irin waɗannan tsare-tsare, wanda ya fi kusa da buƙatun Afirka shi ne shirin AWARD, wato shirin mata 'yan Afirka masu binciken aikin gona, wanda aka kafa a 2008 da mazauni a Nairobi ta ƙasar Kenya. Binciken da aka yi a farkon shirin ya nuna cewa a ƙasashen da aka duba, mace ɗaya ce cikin kowane masu binciken aikin gona huɗu, a muƙaman gudanarwa kuwa ɗaya cikin bakwai. Nijeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da suka amfana tun da wuri.

Shirin na shekara biyu ne, kuma wadda aka zaɓa ba ta barin wurin aikinta. Wannan kaɗai ya kawar da babban cikas ga mai iyali. Akan haɗa ta da wani gogaggen masani, namiji ko mace, wanda zai zama jagoranta. Su biyun sukan zauna su tsara inda take son kaiwa da matakan da za ta bi, sannan su riƙa haɗuwa a kai a kai ana duba abin da aka cim ma. Ana horar da ita kan rubuta takardar bincike da takardar neman tallafi, domin a kimiyya wanda bai wallafa ba kamar bai yi aiki ba ne, wanda kuma bai iya neman kuɗi ba zai dawwama yana yi wa wani aiki. Wasu akan tura su manyan ɗakunan gwaji na wasu ƙasashe na ɗan lokaci. Akwai kuma horo kan jagoranci kansa: yadda ake tafiyar da taro, yadda ake sasanta saɓani, yadda ake tsayawa a faɗi ra'ayi a gaban manya ba tare da rashin ladabi ko noƙewa ba.

Abin da ya fi jan hankali shi ne sharaɗin da ke biye. Wadda aka yi wa jagora, dole ita ma ta ɗauki wata ƙaramar masaniya ta yi mata jagora, kuma ta je makaranta ko wani taron jama'a ta tsaya gaban yara su gan ta. Ke nan kowace tana riƙe da gora ta kai biyu, ana jan ta, tana jan wata.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya san tarihin ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take koyar da zaɓaɓɓun mata da ake kira jaji, ta naɗa su da malfa, su kuma su koma garuruwansu su koyar da wasu matan a cikin gidajensu. Darasin ya bambanta, amma dabarar isar da ilimi ga wadda ba za ta iya barin gida ta daɗe ba, ɗaya ce.

A taron ƙoli da aka yi a Faris a watan Disamba na 2017 aka sanar da wani reshe da ya fuskanci sauyin yanayi kai tsaye, wanda AWARD da Gidauniyar Agropolis ta Faransa suka gudanar, rukunin farko kuma ya fara a 2019. Wannan ya haɗa da maza da mata, ya kuma koyar da su duka yadda ake shigar da buƙatun mata manoma cikin tsarin bincike. Akwai hikima a nan, domin daraktan da zai sa hannu a takardar ƙarin girma galibi namiji ne, kuma horar da mata kaɗai ba ya sauya masa tunani.

Akwai wani shirin da ya fi wannan suna a kafafen watsa labarai, wato Homeward Bound na ƙasar Ostareliya, wanda Fabian Dattner da Jess Melbourne-Thomas suka assasa. A watan Disamba na 2016 ya ɗauki mata 76 masu ilimin kimiyya a jirgin ruwa daga Ushuwaya ta Ajantina zuwa yankin ƙanƙara na Antatika, inda suka yi kusan mako uku ana horo. Shirin ya ja hankalin duniya, ya kuma ƙulla zumunci tsakanin masana na ƙasashe da yawa. Amma kuɗin shigarsa yana da yawa, kuma malamar da take fama da rashin lantarki a ɗakin gwajinta ba tafiya ƙarshen duniya ce buƙatarta ta farko ba. Haka kuma duk shirin da ya dogara kacokan ga tallafin waje, AWARD ma a ciki, ransa yana hannun mai bayarwa. Sai jami'o'i da cibiyoyin gida sun mayar da jagoranci wani ɓangare na aikinsu na yau da kullum, sun kuma gyara ƙa'idojin da ke tauye mai jego, kafin a ce abin ya zauna.

6.0 Rabon Malamin Aji

Duk waɗannan tsare-tsare suna zaɓa ne daga cikin waɗanda suka riga suka kai jami'a. Yarinyar da ta tsani lissafi tun aji huɗu na firamare ba za ta taɓa zuwa gabansu ba. A nan ne aikin mai shirin zama malami ya shigo, har da malamin Hausa, wanda wataƙila yake ganin batun bai shafe shi ba.

Ya shafe shi ta fuskar littafi. Idan a kowane labarin karatu Audu ne likita da injiniya, Binta kuwa kullum tana shara ko talla, to an koyar da darasin da ba ya cikin manhaja. Malami yana da ikon zaɓar misalan jimlolinsa, kuma "Masaniyar ta auna ruwan sama" jimla ce da ta cika sharuɗɗan nahawu kamar kowace. Ya shafe shi kuma ta fuskar kalmomi. Hausa tana da arzikin sunayen yanayi: hazo, buji, raɓa, yayyafi, marka, fari, bazara, agajeri. Yaron da aka nuna masa cewa waɗannan kalmomi ma'aunai ne da kakanninsa suka daɗe suna lura da su, ba zai ɗauki kimiyya a matsayin kayan aro ba. Ana iya tura ɗalibai su tambayi tsofaffin mata a gida yadda damina take a da, wace bishiya ce ta ɓace, wace rijiya ce ta ƙafe, da abin da suka riƙe na farin 1973 ko na 1984, su rubuto da Hausa. Wannan insha'i ne, kuma tattara bayanai ne.

Sannan akwai rabon aiki a cikin aji. Sau da yawa idan aka kasa ɗalibai rukuni-rukuni domin gwaji, namiji ne yake riƙe kayan aiki yana bayani, mace kuma a ba ta biro ta rubuta sakamako, wai don ta fi kyan rubutu. Malami mai lura zai riƙa juya wannan rabo. Ma'aunin ruwan sama ba ya buƙatar kuɗi: gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa, a kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo, a riƙa aunawa kowace safiya a lokaci ɗaya. Idan aka damƙa wa ɗaliba shugabancin wannan aiki na damina guda, ita ce za ta raba ranaku, ta tsawata wa wanda ya yi fashi, ta haɗa jimillar wata, ta tsaya gaban taron makaranta ta faɗi milimita nawa aka samu a watan Agusta. Kafin ta bar ajin kuma a sa ta koya wa wata ta ƙasa da ita yadda ake riƙe rajistar.